Tanti Dado, Wadda Ta Hana a Kira Ni Bona

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, Allah ya karɓi ran Tanti Dado, ungozomar asibitin unguwarmu a Nikki. Ina feraye doya labarin ya iso gidanmu. Innata Lamatu ta saki taɓarya ta zauna a ƙasa.

Tanti, kin san ni ba mai magana ba ce. Ko gaishe ki zan yi, sai na ɓuya a bayan zanen Inna. Amma abin da na ji a bakin famfo ranar rasuwarki ya hana ni shiru.

Maman Sanni ce ta fara. Ta ce, "Mai zubar da cikin mutane ta tafi ba da amsa. Wa zai wanke ta? Ni dai ba da hannuna ba."

Wata ta ce, "Sai dai gidan rediyon da ta je su aiko mai wanka." Suka kwashe da dariya.

Gaskiya ne kin yi magana a rediyo lokacin da ake gardamar dokar zubar da ciki. Kin ce kin gaji da rufe idon 'yan matan da suka sha jiƙe-jiƙe a ɓoye, gara su zo asibiti da ƙafarsu. Ba ki taɓa janye wannan magana ba. Amma masu dariya ba su faɗi sauran ba. Duk wadda ta zo miki, sai kin fara tambayarta ko ta ci abinci. Sai kin zauna kin ji ko ita ke so, ko tura ta aka yi. Akwai yaran da ke gudu a unguwar nan yau saboda kin je kin tsaya a gaban kakanninsu har suka sauko. Wadda kuma ta tsaya a kan ba za ta iya riƙe cikin ba, ba ki kore ta ba. In an gama, ba kya yarda a jefa komai a rami. Farin ƙyalle kike yagowa ki naɗe, ki binne da hannunki.

Sau ɗaya na yi ƙarfin hali na tambaye ki, "Tanti, abin da ke cikin, rai ne?"

Kika ce, "Rai ne mana, 'yar nan."

"To, don me?"

"Don uwar ma rai ce, kuma a jikinta yake. Ita za ta yanke. Nawa shi ne kada na binne biyu."

Mu Bariba sunanmu yana bin haihuwa. 'Ya mace ta fari Nyon, ta biyu Bona, ta uku Bake. Ni Bake ce, alhali yaya ɗaya gare ni. Yara sun sha tsokanata, wai a wace kasuwa muka sayar da Bona. Sai ranar rasuwarki Inna ta gaya mini dalili. Kafin ni ta yi ciki, ya kai wata biyar, jini ya ɓalle ya ƙi tsayawa. Likita ya faɗa mata gaskiya, ta zaɓi ta rayu ta reni Nyon. Ke kika riƙe ta har aka gama. Abin da aka cire, mace ce.

Da aka haife ni, kakata ta ɗaga ni ta ce, "Bona ta iso."

Kika ce, "A'a, Iya. Bona ta zo ta koma. Wannan Bake ce."

Kaka ta ce, "Abin da bai yi kuka ba, ana ƙirga shi ne?"

Kika ce, "A tafin hannuna na riƙe ta. Ni na ƙirga."

Da Inna ta gama ba ni labarin, ta ɗaura ɗankwali, ta ce in ɗauko bokiti. A bakin famfo ta tsaya gaban Maman Sanni ta ce, "Ni ce ɗaya daga cikin waɗanda kike faɗa. An cire mini ciki, ga ni a tsaye. Matsa, zan ɗebi ruwan wankan Dado."

Ba wadda ta yi dariya. Ni na ɗauki ruwan a kaina har gidanki. Kafin a gama, mata huɗu sun shigo ta ƙofar baya, fuska a rufe da mayafi. Na gane su. Ba zan faɗi sunansu ba, don ke ma ba ki taɓa faɗa ba.

Tun ranar an daina amsa gaisuwar Inna, masu sayen sakwararta ma sun ragu. Ta ce ba ta yi nadama ba. Ni ke zuwa famfo yanzu, kuma ba na sunkuyar da kai. Duk mai sauran magana a kanki ta faɗa a gabana.

Allah ya jiƙanki, Tanti Dado. Shi ya san abin da hannunki ya yi da abin da zuciyarki ta nufa, hukunci nasa ne, ba na bakin famfo ba. Ya yafe kurakuranki, ya haskaka kabarinki. Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinki Baba Gunu, da 'ya'yanki Woru da Nyire, da duk macen da ke kukanki a ɗaki ba ta iya fitowa. Allah ya ba mu haƙuri. Amin.