Rijiyar da Tabawa Ta Hana a Haƙa

A unguwarsu a Anka, da abu guda aka san Tabawa: matar mai haƙa rijiya ce, amma babu rijiya a gidanta. Mijinta Sanda ya haƙa wa rabin layin, ita kuwa ta kafe sai famfo. Mata suna yi mata tsiya, wai 'yar ƙauye ta shigo gari ta fi 'yan gari iyayi. Ba ta tanka musu. Ba su san abin da ta baro a Abare ba.

A Abare aka haife ta, a can ta yi aure. Shekarun da zinari ya ɓarke, maza suka riƙa kawo buhunan duwatsu cikin gida, mata suna dakawa. Tabawa ba raguwa ba ce. Da goyo a bayanta take daka, ƙura ta bi ta har gashin ido, yara suna wasa a gindin turmi suna kai hannu baka. Cikin wata biyu ta rasa 'ya'ya uku, duk da jijjiga suka tafi. Nazir, babban ɗanta, shi kaɗai ya rage.

Likitoci suka zo suka ce gubar dalma ce, kuma a cikin ƙurar dutsen take. Tabawa tana zaune aka yi bayanin, kunnenta ƙalau. Amma da ta miƙe sai ta nuna rijiyar tsakar gida, wadda Sanda ya haƙa da hannunsa, ta ce ita ce ta cinye mata 'ya'ya. Sanda ya dube ta. Washegari ya cike rijiyar da ƙasa.

Da suka dawo Anka ta ce sai dai a jawo mata famfo, aka jawo. Da fari yakan kawo ruwa sau biyu a mako. Daga baya in an murɗa sai ya yi tari ya yi shiru. Tabawa ta koma wa 'yan garuwa, ba ta taɓa tambayarsu inda suke ɗebowa ba. Ta sani sarai rabin jarkokin daga rijiyoyin mijinta suke, amma tunda a kura suka iso ƙofar gida, ta ba su sunan ruwan famfo ta huta. Shekara goma sha huɗu ana haka. Sau uku Sanda yana cewa zai haƙa musu tasu mai zurfi, sau uku tana ce masa ko waɗanda ya kashe ba su ishe shi ba. Maganar tana yi masa ciwo, ita ma tana yi mata, amma ba ta da wata da za ta iya kwana da ita.

Bara da bazara rijiyoyin layin suka janye, masu su suka sa kwaɗo. 'Yan garuwa suka gangara tafki. Tabawa ta jefa alif a randa, ruwa ya kwanta garau, ta ce ai ya yi. Kwana uku tsakani jikarta Aisatu, 'yar Nazir mai shekara biyu, ta kama amai da gudawa. Aka kwantar da ita a asibiti ana ƙara mata ruwa.

Tabawa ta dawo gida ɗaukar zani, ta tarar da Sanda zaune a kan tabarma. Ya tsufa, hannuwansa duk kanta. Ta tsaya a kansa ta kasa wucewa.

"Malam," ta ce, "ba rijiya ta ba. Ni nid daka duwatsun nan."

Sanda ya ɗago kai. "Ni kau nik kawo su," ya ce. "Ina kika so a haƙa?"

Ta nuna masa gefen madafi. A ranar ya ɗauko daginsa. Ƙasar Anka da bazara ba ta da mutunci, shi kuma ƙarfin da babu, amma bai huta ba sai in salla ta kira. Ranar da ya cim ma ruwa, kwanan Aisatu huɗu a kabari.

Tabawa ce ta zura guga na farko. Ta bari ya kwanta, ta ɗiba a moɗa ta sha. Ruwan yana da sanyi da daɗi, kuma shi ne abin da ya fi ƙona mata rai.