Mai Zuba Toka a Filin Mpape

A bakin tsohon filin ƙwallo na Mpape, wanda aka wayi gari an kewaye shi da kwanon rufi, wani dattijo yana tsaye da bokitin toka. Gajere ne, kafaɗarsa ɗaya ta karkace irin ta masu fasa dutse. Rigar kulob ɗin unguwa ce a jikinsa, ta koɗe har lambar baya ta kusa ɓacewa. Yadda yake damƙar tokar nan ba tare da ya duba ba, ka san ya daɗe yana zana layin filin nan duk Asabar, da tokar da yake kwasowa wajen masu tuwo.

Yanzu wai gidaje za a gina, kulob kuma ya koma filin ciyawar roba a Lugbe. Lugbe fa! Gidan mutanen da suka shekara goma suna yi wa 'yan Mpape ihu!

Dattijon ya ture kwano ya shiga. Maigadi ya taso da sanda.

"Baba, ina zuwa? An sayar da wurin nan."

"Na ji. Ɗaga ƙafarka, a kan wurin buga fenariti kake."

Maigadin ya dubi ƙasa, bai ga komai ba sai sawun katafila, amma ya matsa. Dattijon ya durƙusa yana huci, ya zuba toka, ya danne ta da tafin hannu.

"Su je can su yi ta gudu a kan tabarma," in ji shi. "Amma duk wanda falonsa ya faɗo nan, ya sani a nan muka ci Lugbe."