Yafiyar da Inna Fatsuma Ta Hana

A Kafin Gawo, wani ƙauye a ƙasar Buji, babu wanda ya kai Inna Fatsuma sanin tarihin Honarabul Muntaka, ɗan majalisar wakilai ta tarayya mai wakiltar yankin. Ba a rediyo ta ji tarihin ba. A zauren gidanta ya fara.

Ita Fatsuma a ƙauyen aka haife ta, a nan ta auri Malam Sani, manomin gero da dawa wanda bai cika magana ba. Sana'arta kiwon awaki da girkin biki. Duk inda za a yi suna ko ɗaurin aure a ƙauyukan kewaye, ita ake kira ta tsaya a kan manyan tukwane, domin tuwonta ba ya gudaji, kuma ta san yadda ake raba nama ba a yi faɗa ba. Maza ta haifa a jere, sai daga ƙarshe Allah ya ba ta mace ɗaya, Ikilima.

Ikilima tana rarrafe aka turo Muntaka makarantar firamaren ƙauyen. Saurayi ne siriri, da jaka ɗaya da keke marar birki. Mai gari ya sauke shi a zauren Malam Sani, kuma al'adar garin ita ce gidan da aka sauke malami shi ke ciyar da shi. Koko da safe, ɗanwake da rana, tuwo da almuru. Yakan maido kwano yana cewa, "Inna, yajin nan naki zai kashe ni, amma a ƙaro." Ita kuma ta ce, "Malam, ka ci ka yi ƙiba, kada yara su ɗauke ka sanda." Da Ikilima ta isa shiga aji, shi ya koya mata rubuta sunanta.

Daga allo ya koma siyasa. Ya yi kansila, ya yi shugaban ƙaramar hukuma, ya tafi majalisar jiha a Dutse ya gina gida a unguwar Takur, daga nan sai Abuja. Kowane mataki da hannun Fatsuma a ciki. Tana tuƙa tuwo tana gaya wa mata cewa yaron nan ɗan gida ne, ta san cinsa ta san kunyarsa. Ranar zaɓe ita ke shiga gida-gida tana fito da matan da mazajensu suka yi musu izini.

A zangonsa na farko a Abuja ya kawo wa ƙaramin asibitin ƙauyen motar ɗaukar marasa lafiya. Fara ce, da hotonsa a gefe yana murmushi. Aka yi taro, aka yanka sa, Fatsuma ta yi girki. Martha, ma'aikaciyar jinyar da ta zo daga Filato ta daɗe a asibitin har ta iya Hausar ƙauyen, ta karɓi makulli tana hawaye, domin ta sha ganin macen da haihuwa ta gagara ana ɗora ta a amalanken shanu.

Da zaɓe ya sake matsowa, mutanen Honarabul suka zo suka ce a ba su aron motar. Za a ɗaura mata lasifika a yi yawon kamfe, sai a maido. Martha ta hana. Aka kira shi a waya, ya ce mata, "Sista, motar nan wa ya saya?" Ta miƙa makulli.

A lokacin Ikilima tana da aure a ƙauyen, da cikin fari. Naƙuda ta zo mata da hantsi ranar kasuwa. Ta haihu, jaririn bai zo da rai ba, jini kuma ya ƙi tsayawa. Martha ta yi abin da za ta iya, ta ce sai babban asibiti a Dutse. Ta kira direban motar, ya ce yana tsakiyar gangami, ba zai iya sauke lasifika ba sai oga ya ce. Ta kira Honarabul ɗin, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Aka nemi motar haya, duk sun tafi kasuwa. Da la'asar aka samu wata akori-kura da ta sauke buhunan gero, aka shimfiɗa tabarma a bayanta. Fatsuma ta ɗora kan 'yarta a cinya. Sun hau kwalta ke nan Ikilima ta cika. Kafin su juyo, farar motar ta wuce su tana waƙar ɗan takara, matasa a kanta suna ɗaga tuta.

Honarabul bai zo ta'aziyya ba. Ya aiko wakili da buhunan shinkafa. Malam Sani ya karɓa, domin ba a maida sadakar mamaci. Fatsuma ta dafa wa masu zaman makoki, ita ko loma ba ta kai baki ba.

Honarabul ya ci zaɓen. Fatsuma ba ta yi kuka a gaban kowa ba, ba ta zagi kowa ba. Ta koma kan tukwanenta. Sai dai tarihin da take bayarwa ya sauya. Duk gidan bikin da ta je, in mata sun taru ana gyaran kayan miya, sai ta fara daga keken nan marar birki, ta bi ta kansila, ta bi ta Takur, ta tsaya a bakin kwalta. Ba ta ƙara ko kalma a kan abin da ya faru. Abin da take so ɗaya ne: kada a samu matar da za ta ji sunansa ba ta tuna da Ikilima ba. Malam Sani yakan ce, "Fatsuma, kwananta ne ya ƙare." Ta ce, "Na sani, Malam. Ban ja da Allah ba. Da Muntaka nake."

Sannu a hankali maganar ta kai Takur. Aka gaya wa Honarabul cewa matan ɓangaren Buji sun daina fitowa in an raba atamfa, kuma wata tsohuwa ce sila. A shekarar ya yi niyyar aikin hajji. Masu ba shi shawara suka ga hanya. Maniyyaci kan zaga dangi da abokan zama yana neman gafara kafin ya tashi, kuma ba a taɓa jin wanda ya ce wa mai tafiya ɗakin Allah a'a ba. In ya durƙusa a gabanta aka ɗauka a waya, ta ce ta yafe, magana ta mutu.

Ya iso da hantsi, motoci suka cika ƙofar gida. Ya gaisa da Malam Sani a zauren da ya taɓa kwana, ya ce a yi masa iso wajen Inna. Ya shiga shi da mai ɗaukar hoto. Matan maƙwabta sun riga sun cika tsakar gida. Fatsuma na zaune a kan turmi tana tsince wake.

"Inna, barka da hantsi. Har yanzu ana ɗanwaken nan kuwa?"

"Ana yi, Malam. An dai daina kai wa zaure."

Wasu mata suka yi dariya suka rufe baki. Ya tattara babbar rigarsa ya durƙusa.

"Inna, Allah ya kira ni, zan tafi Makka. Na zo ki yafe mini duk abin da na yi miki, wanda na sani da wanda ban sani ba."

"Wanne ne ka sani?"

Mai hoton ya matso.

"Zaman tare ne, Inna. Ba a rasa kuskure."

"Tuwon da ka ci na yafe. Kwanona da ka fasa na yafe. Wahalar da na sha ina fito maka da mata, ita ma na yafe. Amma ka ce wanda ka sani. Faɗi sunanta."

Gumi ya tsattsafo a gefen hularsa. Ya ce a hankali, "Ikilima. Allah ya ji ƙanta."

"Amin. Kai ka koya mata rubuta shi. Ranar da aka kira wayarka, ka ga kiran?"

Ya dubi ƙasa. Wata tsohuwa daga baya ta ce, "Haba Fatsuma, alhaji ne fa, hanya zai hau."

"Shi ya sa nake tambaya, Yaya. Mai hawa hanya ba ya ƙarya. Ka gani?"

"Na gani."

Fatsuma ta ajiye faifan waken. Muryarta ba ta tashi ba.

"To ban yafe ba. Ka tafi da ita. Ka yi ɗawafi da ita, ka tsaya a Arfa da ita. Ni da kai da Ikilima akwai inda za mu haɗu, a can za a yi maganar."

Mai hoton ya sauke wayarsa. Honarabul ya miƙe, gwiwoyinsa duk ƙasa, ya fita bai kakkaɓe ba. Hoton bai fita ko'ina ba, amma mata sun fi ashirin a tsakar gidan, kuma kowacce tana da bikin da za ta je.

Bayan tafiyarsa Malam Sani ya shigo ya tsaya a kanta. Ta jira faɗa. Sai ya zauna a bakin tabarma, ya jawo faifan, ya ci gaba da tsince waken.

Kafin jirgin alhazai ya tashi aka maido motar asibitin, an yi mata sabon fenti, an goge hoton. Da damina ta kankama Martha ta biyo ta gidan ta ce, "Inna, jiya mun kai matar Isah mai shayi Dutse a motar nan. Ta sauka lafiya, ita da 'yarta."

Fatsuma ta ce, "Madalla. Allah ya raya. Yaushe ne sunan?"

Martha ta gaya mata, sannan ta ce, "Ai sai ki sassauta yanzu, ko?"

"A'a, Sista. Motar kawai ya maido."

Ranar sunan tun da sassafe ta hura wuta a ƙarƙashin manyan tukwane. Da mata suka zauna gyaran kayan miya, ta fara daga keke.