Shekarar da Taubashina Ya Daina Tsokanata

Da hannun hagu nake wannan rubutu. Malaminmu na ajin yaƙi da jahilci ya ce kowa ya rubuta abin da ba ya so ya manta. Wasu sun rubuta tafiyarsu Makka, wasu aurensu. Ni da na zauna, abin da ya fara zuwa mini shi ne inuwar darbejiya a bakin wani gini kan hanyar Kongolam, da kwanon ɗanwake a tsakiya, da muryar taubashina.

Ɗan kawuna ne. Tare muka tashi a ƙauyenmu ta wajen Baure, tare muka shigo Daura neman aikin rani, muka fara da ɗaukar kwanon sarki, muna kai wa magina kwaɓaɓɓen siminti. Ni na zama birkila, shi ya zama kafinta. Tun muna yara bai taɓa gaishe ni gaisuwar mutunci ba. In na iso wurin aiki sai ya ɗaga murya, “To, ga ɗan mace ya iso, ku ɓoye abincinku.” Ni kuma in ce, “Wa ya ba wannan guduma? Gidansu ko ƙyaure babu.” Leburori su yi ta dariya. Haka taubasai suke, in kun haɗu ba ku taɓa juna ba, to ba lafiya.

Ina kewar wannan zamani. Da hantsi mai fura takan sauke ƙwaryarta a bakin yashi. Da azahar mu wanke siminti daga hannu, mu zagaye kwano guda, har da wani Inyamuri mai kayan gyaran mota da shagonsa ke maƙwabtaka da mu, wanda ya iya Hausa har yana shiga faɗanmu yana raba gardama ta hanyar ba kowa rashin gaskiya. Ƙanshin bulo in an yayyafa masa ruwa da safe, har yau in na ji shi sai yatsuna su motsa a zuciyata.

Bene muke ginawa. Taubashina ne ya ɗaura katakan da muke takawa a sama. Ya gaya wa ɗan kwangila cewa wasu sun sha ruwan damina, aka ce a lallaɓa da su zuwa ƙarshen mako. Na taka ɗaya, ya karye, na faɗo a kan hannun dama.

Wani asibitin kuɗi aka kai ni saboda shi ne kusa. Wani mai farar riga ya duba, ya ce karaya ce ƙasa da gwiwar hannu, ya naɗe ta da filasta mai tauri irin ta siminti. Kafin la’asar yatsuna sun kumbura. Washegari sun yi baƙi, sun yi sanyi, ciwon kuwa kamar ana hura wuta a cikin ƙashi. Ni mutum ne mai cije abu, an kuma raine mu a kan namiji ba ya raki, sai na yi ta salati a hankali. Taubashina ne bai yi shiru ba. Ya je ya kira mai farar rigar, ya koma, ya sake komawa. Ina ji aka ce masa, “Malam, kai ne likitan ko mu? Karaya dole ta yi ciwo.” Ranar da aka yanke filastar, hannun ya riga ya tafi. Bai ruɓe ba, amma yatsun sun lanƙwashe sun ƙame, ba sa riƙe cokalin gini, ba sa ɗaukar loma.

Ɗan kwangila ya zo gida da limamin unguwarsu da dattawa biyu, ya durƙusa ya ce in yafe masa. Na ce na yafe. Ya kuma riƙe ni, ya ba ni gadin kayan aiki. Daga asibiti kuwa babu wanda ya leƙo.

Abin da ya fi hannun damuna shi ne taubashina. Ya zo dubiya, ya cire takalmi tun daga zaure, ya zauna a gefen tabarma, ya ce, “Yaya, ina kwana? Ya ƙarfin jiki?”

Na ce, “Wane ne yayanka? Ɓarawon tuwo, yau kuma ladabi ka sato?”

Ya sunkuyar da kai ya ce, “Allah ya ƙara sauƙi.”

Haka ya koma. In mun haɗu a masallaci ya gaishe ni da hannu biyu kamar surukinsa. Ya bar wurin aikinmu ya koma yin rufi a ƙauyukan Dutsi. Matarsa ta gaya wa matata cewa ba ya cin abincin kirki, yana cewa shi ya kashe mini hannu. Na aika masa cewa na yafe, ya aiko da godiya. Godiyar nan ta fi zagi zafi.

Akwai ɗan maƙwabcinmu da ya karanta shari’a, yana aikin lauya a Katsina. Da ya zo hutun salla ya ga hannun, ya ɗauke ni zuwa wurin likitan ƙashi a can. Likitan ya jujjuya hannun, ya duba hoto, ya ce karayar ba wata babba ba ce, da ta warke na koma aiki. Ɗaurin ne ya matse, ya hana jini wucewa, kuma da an sassauta shi tun ranar da yatsu suka kumbura da ba a kai haka ba.

A mota lauyan ya ce, “Baba, ƙofa biyu gare ka. Akwai ɗan kwangila da ya sa ka hau kan ruɓaɓɓen katako, akwai asibiti da suka yi sakaci. Duka doka ta ba ka damar neman diyya.”

Na ce, “Ta farko na rufe ta, na ce na yafe a gaban liman.”

Ya ce, “Baba, wannan maganar ba ta hana kotu saurarenka.”

Na ce, “Ni ta hana ni.”

Ya yi dariya ya ce to, mu tsaya kan asibiti. Sai dai za su ce ban taɓa yin ƙorafi ba, don haka dole a samu wanda zai tsaya ya ce an gaya musu sun ƙi ji. Ya kuma gargaɗe ni cewa duk wanda ya tsaya, lauyansu zai tone shi a kan faɗuwar, don su ɗora laifin a kan gini.

Gaskiya ban damu da kotu ba a da. Amma a motar nan na gane cewa akwai wurin da za a faɗa da ƙarfi, a gaban taubashina, cewa ba katakonsa ne ya kashe hannun ba. In ni na faɗa ba zai yarda ba, don zai ga kara nake yi masa.

Na same shi a kan rufin wani gida a Dutsi. Ya sauko ya fara gaisuwarsa ta surukai. Na ce masa ina bukatar shaida. Ya ce, “Za su tambaye ni wa ya ɗaura katakan.” Na ce za su tambaya. Bai ce zai zo ba, bai ce ba zai zo ba.

Shari’a ba ta sauri. An ɗaga, an sake ɗagawa, har damina ta shigo ta fita. Ranar sauraron shaidu na shiga na tarar da shi a benci na baya, cikin rigarsa ta Juma’a. Likitan ƙashi ne ya fara magana, ya maimaita abin da ya gaya mini, tafinta yana juyawa da Hausa. Ban kalli alƙali ba, taubashina nake kallo. Na ga ya ɗago kai a hankali.

Da aka kira shi, lauyan asibiti ya ce, “Wa ya ɗaura katakon da ya karye?”

Ya ce, “Ni ne, ranka ya daɗe.”

“Ashe kai ka jawo masa.”

Ya ce, “Faɗuwar da hannuna a ciki. Amma na kawo shi yana motsa yatsunsa. Na je na ce musu sun yi baƙi, aka ce ni ba likita ba ne.”

Ba a kai ga hukunci ba. Bayan wannan zaman mai asibitin ya nemi sulhu, ya amince da diyya, ya zo har gida ya ba da haƙuri, mai farar rigar kuma aka ce an sallame shi. Wannan duk daga baya ne.

Abin da nake so in rubuta ya faru ne a ranar, a rumfar wata mai abinci kusa da tasha. Muka sa aka zuba mana shinkafa da wake a kwano guda. Lokacin ban gama sabawa da hagu ba, rabin loma a baki, rabi a riga. Yana ta kallona, yana cije leɓe. Can ya ce, “Kai ɗan mace, kaji kake ciyarwa ko kanka? Da hannu biyu ma ba ka iya komai ba, balle yanzu.”

Mai abincin ta ce, “Haba malam, ba ka tsoron Allah? Ba ka ga lalurarsa ba?”

Na ce mata, “Ƙyale shi, Hajiya. Gidansu ko ƙyaure babu.” Na jawo kwanon gabana, ya fizge shi ya mayar tsakiya.