Iya Jummai Mai Ƙosai da Kwamitin Makarantar Durumi

Sunanta na yanka Mariyamu, amma da yake ranar Juma'a aka haife ta, sai Jummai ya bi ta, da ta manyanta kuma aka ɗora mata Iya a gaba. 'Yar unguwar Kwarbai ce gaba da baya. Mahaifinta maɗinkin manyan riguna ne, a zaurensa ta tashi tana miƙa zare tana jin hirar manya. A can ta kwaso wani hali da bai bar ta ba har tsufa: in ta ga abu a karkace sai ta faɗa, ko wa ke wurin. Ba ta taɓa shiga ajin boko ba, amma ta yi karatun allo mai nisa, tana kuma rubuta ajami da hannu mai kyau. Ta auri Malam Haruna, masinjan kotu, suka haifi 'ya'ya huɗu. Da ya rasu ta fita takaba, sai ta ɗauki kasko da matsami ta nemi wurin zama.

Wurin da ta samu shi ne gindin wani ƙaton durumi, a bakin wata sakandaren 'yanmata ta jeka-ka-dawo da ke cikin ganuwa. Makarantar tana da dogon suna a jikin allon ƙofa, amma ba mai kiran ta da shi, Makarantar Durumi kowa ke cewa. Tun daga 1980 Iya take kafa murhunta a nan da sassafe, tukunyar koko a dama, kwaryar ƙullu a hagu. Ba wanda zai shiga makarantar nan bai wuce ta gabanta ba. Ta san 'yar wa ce ke zuwa ba kari, ta san wadda ke ɓoye takalmi a jaka don kada laka ta ɓata shi, ta kuma san malamin da ke sanɗa ta bayan katanga in ya makara.

A 1988 aka turo sabuwar shugaba, Hajiya Ummukulsum, doguwa mai farin tabarau, ba ta da yawan magana. Ta tarar jarrabawar fita ta shekarar ba ta yi kyau ba, musamman lissafi. Ta tara malamai, suka ce laifin yara ne, ba sa zuwa da wuri. Ta tara iyaye, suka ce laifin malamai ne. Ta yi mako biyu tana jin wannan.

Ran nan da safe, bayan an kaɗa ƙararrawa, sai Iya ta ga Hajiya ta fito da kanta ta zauna a kan bencin masu sayen ƙosai.

"Iya, ina kwana? A zuba mini koko."

"Ranki ya daɗe, ai da kin aiko an kai miki ofis."

"A ofis ba na ganin ƙofa," in ji Hajiya. Ta kurɓi kokon, tana kallon 'yanmata suna shigowa da gudu, biyu-biyu, uku-uku. "An ce kin fi kowa daɗewa a nan. Me ke hana yaran nan zuwa da wuri?"

Iya ta juya ƙosai a kasko tukuna. "Gaskiya kike so, ko mai daɗin ji?"

"Gaskiya."

"To, waɗannan da kike gani ba barci suke yi ba. Daga zauren Malam Sabo suke. Tun asuba suna can da allunansu, ba ya tashin su sai rana ta ɗaga. Sannan su je gida su sake kaya, su taho, wasu tun daga Ƙofar Gayan. Su ke nan. Sai kuma malamin lissafin naku, Malam Kabir. Yaro ne na kirki, amma a Sabon Gari yake kwana, sai ya hau mota biyu kafin ya iso. Ku kuma kun sa lissafi farkon shiga aji. Ranar da yara suka zo, babu malam. Ranar da malam ya zo, babu yara. Wa zai koya wa wa?"

Hajiya ta ajiye ludayi ta yi dariya har sai da ta cire tabarau. Ta ce, "Iya, ranar Asabar akwai taro. Ina so ki zo ki faɗi wannan a gaban kowa."

Iya ta ce ita ba malama ba ce, ba ta da 'ya a makarantar kuma. Hajiya ta ce ai tana da ɗari huɗu, tunda kullum ita ke ba su kari.

Ranar Asabar da hantsi aka jera benci a inuwar durumi. Malamai sun zo, iyaye maza sun zo, da shugabannin ɗalibai. Iya kuwa ba ta zo ita kaɗai ba, ta bi gida-gida ta jawo dattawan mata goma sha biyu, ta ce ba a shirya zancen 'ya mace ba uwa a kusa. Da aka ba ta dama ta miƙe ta maimaita abin da ta gaya wa Hajiya, ba ta rage ko kalma ɗaya ba. Malam Kabir ya sunkuyar da kai, gumi na tsattsafo masa. Can sai ya ɗaga hannu ya ce, "Abin da Iya ta faɗa haka yake." Daga nan bakin kowa ya buɗe. Wannan ya kawo zancen benci, wancan ya kawo na yoyon rufi. Shugabar ɗalibai ta yi ta murza gefen hijabinta, da ƙyar ta iya cewa babu banɗaki mai ƙofa, shi ya sa manyan 'yanmata ke tafiya gida in an fita tara, wasu ba sa dawowa.

Abubuwa suka taru sun fi ƙarfin shekara guda. Hajiya ta ce a rubuta a allo kowa ya zaɓi wanda za a fara da shi. Iya ta ce rabin mutanen wurin ba sa karanta allon. Ta aika aka ɗauko ƙorai biyar daga wurin sana'arta, aka jera. A gaban ta farko aka ajiye littafi, wato ɗakin karatu. Ta biyu burushin fenti, ta uku karyayyar ƙafar benci, ta huɗu guga, wato rijiya, ta biyar buta, wato banɗaki. Aka raba wa kowa ƙwayar gyaɗa uku, ya jefa inda ya ga ya fi. Wani magini da ake kira Bahago, mahaifin wata 'yar aji uku, ya shagala da hira ya cinye biyu daga cikin nasa, ya zo yana neman ƙari, aka hana shi. Wurin ya kaure da dariya.

Da aka juye ƙoran, buta ce ta yi rinjaye da nisa, guga na bin ta. Littafi, wanda Hajiya ta zuba duka gyaɗarta uku a kai, shi ne na huɗu. Iya ta saci kallon ta don ta ga yadda za ta yi. Hajiya ta ce, "To, banɗaki da rijiya bana. Ɗakin karatu ya jira." Iya ta sha faɗa daga baya cewa a wannan ranar ce ta yarda da matar.

Aka kafa kwamiti na mutum tara: malamai uku, iyaye uku, ɗalibai biyu, da Iya. Aka rubuta abin da za a yi kowane zango, da sunan wanda zai tsaya a kai, aka manna a ƙofar ofis. Iya ta kwafi nata da ajami a bayan wata tsohuwar kalanda, ta rataye a jikin durumi.

Aikin farko da aka ɗora mata shi ne zuwa wurin Malam Sabo, don kowa na jin nauyinsa. Ita kuwa a gaban mahaifinsa suka yi karatu tare suna yara. Ta same shi a zaure bayan la'asar, ta durƙusa ta gaishe shi yadda ya kamata, sannan ta gyara zama.

"Allah gafarta Malam, roƙo na zo yi. Ka riƙa sallamar 'yan makarantar nan ƙarfe bakwai."

"Jummai, yanzu ke ce 'yar aiken boko?"

"Ni 'yar aiken yara ce. Nan su makara, can a dake su. Ka tuna lokacin da kai ma ake neman ka a gona ana neman ka a zaure? Wa ke riƙe maka allo?"

Malam Sabo ya yi murmushi ya shafa gemu. Ya ce zai sake su ƙarfe bakwai, amma da sharaɗi: su dawo masa bayan la'asar su cike, kuma kada makaranta ta riƙe su da yamma. Iya ta kai wa kwamiti wannan. Malamai suka ce to ina za a sa darasin ƙari na 'yan ajin ƙarshe? Iya ta ce, "Alhamis mana. Ai ba a karatun allo Alhamis da Juma'a." Ba wanda ya yi tunanin haka a cikinsu, duk da kowannensu ya yi allon.

Lissafi aka mai da shi bayan tara. Bahago kuma ya ce akwai shago a ƙofar gidansa ba kowa a ciki, Malam Kabir ya tare. Shekara ba ta zagayo ba ya zama ɗan unguwa, har yara na kai masa tuwo.

Banɗakin da gayya aka gina shi, Asabar huɗu a jere. Bahago ya kawo abokan sana'arsa, iyaye suka kawo yashi da jakuna, malamai suka naɗe ƙafar wando suka shiga kwaɓa. Iya ta soya ƙosai tun safe har azahar tana raba wa ma'aikata, tana kuma yi musu tsiya in ta ga layin bulo ya karkace. Rijiyar ta ɗan ba da wahala, an haƙa wuri na farko aka ci karo da dutse, sai a na biyu aka samu ruwa.

Ba kowace shawarar Iya ce ta yi kyau ba. A shekara ta biyu ta dage sai an yi lambu a bayan azuzuwa, yara su shuka alayyafo da tumatir. Aka shuka, ya yi kore shar, ana ta zuwa kallo. Hutun ƙarshen mako guda awaki suka shigo ta inda katanga ta zube, suka share shi tas. Da mai gadi ya kamo uku daga ciki ya ɗaure, sai ga biyu na Iya ne. A taron da ya biyo baya ita ta fara miƙewa ta ce, "A rubuta, lambu ya mutu, kuma awakina ne suka kashe shi." Aka yi ta dariya, aka sa gyaran katanga a tsarin zango na gaba.

Akwai kuma ranar da kwamitin ya juyo kanta. Ɗalibai suka kawo ƙorafi cewa masu abinci suna zama dab da kwata, ƙuda na sauka a kan kaya. Aka yanke cewa kowa ya matsa gaba, a kuma riƙa rufe abinci. Iya ta ji zafin abin, don shekara goma ke nan murhunta na wuri guda. Ta yi kwana biyu ba ta gaisa da kowa da fara'a ba. A na uku ta kira yaran aikin Bahago suka ɗaga mata duwatsun murhu zuwa ɗaya gefen bishiyar, ta sayo farin ƙyalle ta rufe kwanon ƙosai. Sauran masu abinci da suka ga Iya ta matsa, ba wadda ta tsaya gardama.

Sakamakon jarrabawa bai tashi dare ɗaya ba. Shekarar farko kusan yadda yake ya tsaya, har wasu iyaye suka fara ƙunƙuni. A ta uku ne aka manna takarda a allo, Malam Kabir ya fito daga ofis da gudu ba hula, ya zo gindin durumi yana haki ya ce, "Iya, talatin da ɗaya sun ci lissafi!" Da can ba sa wuce bakwai ko takwas. Iya ta yi guɗa har masu wucewa suka tsaya. A shekara ta huɗu aka buɗe ɗakin karatun Hajiya, da kanta biyu da tagogi masu waya.

A 1995 aka mai da Hajiya Ummukulsum Kaduna. Wanda ya gaje ta, Malam Inuwa, ya zo da nasa tsarin a rubuce cikin fayil, ya karanta wa kwamiti daga farko har ƙarshe. Da ya gama Iya ta ce, "Malam, tsari ya yi kyau. Yaushe za a kira mutane su zaɓa?" Ya dubi sauran, ya ga duk shi suke kallo. Aka sa ranar Asabar.

Ta ci gaba da suya har 1998, lokacin da gwiwoyinta suka fara ƙin tashi daga kujera. Wata tsohuwar ɗalibar makarantar, Sakinatu, wadda ta zama nas, ta zo har gida ta duba ta, ta ce zaman gaban wuta ya isa haka. Iya ta miƙa wa babbar 'yarta sana'ar, amma ta ce kujerar kwamiti ba gado ba ce, a tara masu abinci su fid da wadda suke so. Suka fid da wata mai dafa-duka.

Sakinatu ta ce, "To Iya, yanzu sai hutu."

"Hutu lafiya lau," in ji Iya, tana miƙe ƙafa a kan tabarma. "Amma in kin fita ki biya ki gaya wa Malam Inuwa, yaran da ke wucewa ta nan sun ce rufin aji biyu ya fara yoyo, ga damina ta kusa."