Wasila ta Fas, Baƙuwar Majema

Ranar Talata, 11 ga Fabrairun 2025, cikin watan Sha'aban, ina idar da sallar la'asar wayata ta yi ƙara. Lambar ƙasar Maroko ce, na ɗauka da murna don na zaci ke ce. Sai na ji muryar wanki Ja'afar. Ya yi sallama, sannan ya ce, "Safiya, Wasila ta koma ga Ubangijinta da safiyar nan." Na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, na sake faɗa. A asibiti kika cika, a birnin Fas inda aka haife ki, bayan jinyar ciwon daji da kika daɗe kina ɓoye mana tsananinsa. Saura kwanaki kaɗan a buɗe baje kolin aikinki a nan Sakkwato.

Jaridun ƙasarku za su yi bayanin finafinanki da zane-zanenki da manyan zaurukan da aka nuna su. Wannan ba fagena ba ne. Ni malamar Larabci ce a makarantar 'yan mata, kuma abin da zan rubuta shi ne abin da na gani da idona.

A shekarar 2021 kika fara zuwa garin nan. An ce wata Balarabiya mai shirya fim tana neman mace da za ta yi mata tafinta, shugabar makarantarmu ta tura ni. Ranar farko mun sha wuya. Ni Larabcin littafi na sani, ke kuma kina zuba na garinku da sauri, har na fara shakkar karatuna. Kika lura, kika yi dariya, kika ce in yi haƙuri za ki riƙa yi mini magana kamar mai karanta labarai a rediyo. Haka muka ci gaba. Da mahaifiyata, Inna Jummai, ta ji cewa a otal kike kwana ke kaɗai, sai ta ce da ni da maigidana Sa'ad, "Wagga ɗiya ba ta da kowa garinga, ku bar ta masauki? Ku kawo mani ita." Washegari kika dawo gidanmu na Arkilla da akwatunanki. Ke da Inna ba ku da harshe guda, amma sai in dawo daga makaranta in tarar da ku a tsakar gida kuna tsince shinkafa, kowa na magana da nata harshe, kuna gyaɗa wa juna kai. Hausar da kika fara kamawa ita ce "sannu da aiki", kika riƙa yi wa kowa ita, har wanda yake kwance yana hutawa.

Jar fatar akuya ce ta kawo ki. Kin gaya mini kakanki ɗinkin littattafai yake yi a Fas, yana yi musu bango da wata fatar akuya mai laushi, ja wur. Turawa da sunan ƙasarku suke kiran wannan fata, amma shi kakan naki yakan ce daga kudu take zuwa, daga bayan Sahara, daga hannun mutanen da bai taɓa gani ba. Kika girma da wannan magana a ranki. Kika ce kina so ki ga hannuwan nan, ki kuma nuna wa duniya su.

Majema ba su karɓe ki da farko ba. Dattijon da suke jin maganarsa, Baba Mode, ya dubi kyamarar da ke wuyanki, ya ce da ni, "Hwaɗa mata mun ga irinsu. Su zaka, su toshe hanci, su ɗauki hoto, su tahi. Ba mu ƙara ganin su, ba mu ganin hoton." Na ji nauyin fassara wannan magana, kika ce in faɗe ta yadda take. Da na faɗa, sai kika cire kyamarar kika sa a jaka, kika ce ya yi gaskiya. Makonni muka yi muna zuwa wurin jima ba ki ɗauki ko hoto ɗaya ba. Ni kaina wari yakan kore ni zuwa gindin bishiya, ke kuwa kina tsugune bakin kwatarniya kina kallon yadda ake jiƙa fata da toka, ana kankare gashi, ana tsoma ta a ruwan bagaruwa. Kika karɓi taɓarya kika daka bagaruwa har tafin hannunki ya yi bororo. Ranar da Baba Mode ya amince, sharaɗi ɗaya ya kafa. Ya ce, "In kin gama ki maido muna mu gani. Ba ni son a ga huskata wani gari ni ban gan ta ba." Kika ɗora hannu a ƙirji kika ce kin ɗauki alkawari.

Ana tsakiyar ɗaukar fim ɗin Allah ya jarrabe ni. Sa'ad ya fita zuwa Wamakko duba gonarsa, mota ta ƙwace, ba a kawo shi gida da rai ba. Ba na iya tuna yawancin abin da ya faru a kwanakin nan. Abin da nake tunawa shi ne duk sanda na buɗe ido kina nan. Kin sallami masu taya ki aiki, kin rufe kayan ɗaukar hoto a ɗaki, kin ɗaura zane irin namu kina zuba wa masu zuwa gaisuwa ruwa. Ke kike yi wa ɗiyata Ummukulthum wanka, ke kike lallashina in sha ko kunu ne. Na ce miki lokacin da aka ba ki na zama a ƙasar nan yana ƙarewa, ki nemi wata tafinta ki ƙarasa aikinki. Kika ce, "Fata ba ta gudu, 'yar'uwata. Zan dawo." Kika koma gida da rabin aiki, kika sha faɗan waɗanda suka ɗauki nauyin tafiyar, ba ki taɓa gaya mini ba sai daga baya na ji a bakin Ja'afar.

Kafin ki tafi kika ba ni wani abu da har yau ban san yadda zan gode miki a kansa ba. Ashe wata rana da Sa'ad yake kai mu wurin jima kin ɗauke shi yana tuƙi, yana ba ki labarin yadda ya faɗa rijiyar rini yana yaro, yana dariya har da hawaye. Kika sa mini wannan a wayata, kika goge naki a gabana. Kika ce wannan ba na kallon mutane ba ne, nawa ne ni da Ummukulthum. A nan yarinyar take jin muryar ubanta yanzu.

Kin dawo a shekara mai bi, kin ƙarasa. Daga nan aikin ya fara yawo: Tunis, Dakar, sannan Faransa. Duk inda aka baje shi sai kin zagaya da wayarki kin nuna mini. Ɗaki ne mai duhu, an rataye jajayen fatu daga rufi har ƙasa, mutum yana ratsawa ta tsakaninsu. A kan bango ana haska fim ɗin, hannuwa suna murza fata, ƙarar daka tana cika wurin. Gefe guda kuma zanenki ne, wanda kika yi da ruwan karan dafi a kan takarda. Kin nace sai an rubuta sunan kowane majemi a bakin ƙofa, da harufa daidai da na sunanki. A wani wuri masu zauren suka ce sunayen sun yi yawa, za su ɓata tsari. Kika ce to a cire naki tare da nasu. Aka bar su duka. Haka kuma da wani attajiri ya so ya mallaki aikin gaba ɗaya, a kan ba za a sake nuna shi ko'ina ba sai da izininsa, kika ƙi, don akwai waɗanda ba su gani ba tukuna.

Kawo shi Sakkwato bai zo da sauƙi ba. Da aka ba mu aron zauren taron makarantarmu, maganganu suka tashi cewa za a kawo hotunan mutane a rataye inda 'yan mata ke karatu. Cikin masu ƙorafin har da kawuna, Malam Junaid, wanda gari ke jin maganarsa. Na tsorata, na so mu canza wuri. Ke kuwa kika ce in kai masa fim ɗin ya gani da kansa, in kuma haɗa ku ta waya. Kun daɗe kuna magana, ba ki ɗaga murya ba, ba ki kuma raina hujjarsa ba. Daga baya Malam ya ce da ni ra'ayinsa a kan hoto yana nan bai sauya ba, amma bai ga alfasha a abin da ya kalla ba, kuma ba zai hana talakawa ganin sana'arsu ba. Ya ƙara da cewa a zo a ɗauki tsofaffin littattafan gidanmu masu bangon jar fata a ajiye a zauren, don a san abin da fatar take suturtawa. Kin yi kuka da na gaya miki.

A lokacin ne na fara lura muryarki tana raguwa. Kika daina kiran da ake ganin fuska, kika ce layi ne ba kyau. In na tambayi jikinki sai ki ce gajiya ce, ki juya maganar zuwa tsayin bangon zauren da inda za a sami janareta mai ƙaramar ƙara. Akwatunan kaya suka iso, ke ba ki iso ba. Magana ta ƙarshe da muka yi, da ƙyar nake jin ki. Kika ce, "Safiya, ko ban zo ba kada ku ɗaga ranar. Baba Mode ya tsufa, mun sa shi jira da yawa." Kika ce in gaishe da Inna. Na ce Allah ya ba ki lafiya, kika ce amin, ko ya ba ni abin da ya fi ta.

Mun bi umarninki. Ranar Asabar muka buɗe, idanunmu a kumbure. Ni da malaman makaranta muka rataye fatun yadda kika koya mana, ko da yake na san da kina nan da kin gyara da yawa. Majema suka zo da iyalansu cikin kayan Juma'a, dukawa suka zo daga kasuwa, ɗalibanmu suka cika baya. Ban aika wa Baba Mode da labarin rasuwarki ba, don na so in faɗa masa da bakina. Sai ga shi an riƙo hannunsa. Ashe yanar ido ta rufe masa gani tun bara, ko hasken ƙofa da ƙyar yake rarrabewa. Aka zaunar da shi a gaba, aka kashe fitilu, fim ya fara. Fuskarsa ta cika bango, kowa yana gani ban da shi.

Ya karkata kai yana saurare. Can aka ji wani ya yi tari a cikin fim ɗin, ya ce, "Wanga Sule na. Tarinai na." Sule abokin aikinsa ne, ya rasu bayan tafiyarki. Ya riƙa kiran sunayen mutanensa ɗaya bayan ɗaya daga muryoyinsu, har ya ji tasa, ya yi murmushi. Da aka kunna fitilu ya juya yana lalube, ya ce, "Ina baƙuwa tamu? Ban ji ta ba." Na durƙusa kusa da shi na gaya masa. Sai ya ce, "Ta maido muna. Idanu na sunka ƙi jira." Ya nemi a kai hannunsa kan sunansa da ke bakin ƙofa, ya shafa, sannan ya ce kowa ya zauna a yi miki addu'a. Malam Junaid ne ya ja ta.

Kin tafi da sauran shekarunki na aiki, Wasila. Kin ce in kin warke za ki dawo ki yi fim a kan masu kamun kifi na gulbin Rima, kin ce za ki kai ni Fas in ga shagon kakanki. Duk wannan ya tsaya. Inna har yau ba ta yarda a shiga ɗakin da kika zauna da takalmi, kuma ta sa an yi miki sadakar waina ranar uku kamar ɗiyar da ta haifa.

Ya Allah, baiwarka Wasila ta zo gare ka, kai ne mafi jinƙan masu jinƙai. Ka gafarta mata, ka sa jinyar da ta sha ta zama kaffara, ka yalwata kabarinta ka haskaka shi. Ta zauna da ni a ranar da na rasa mijina, ya Allah kada ka bar ta ita kaɗai a kwancinta. Ta girmama waɗanda mutane ke toshe wa hanci, ka girmama masaukinta a Aljannar Firdausi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarta da ɗan'uwanta Ja'afar da dukkan danginsu na Fas, a madadina da Inna Jummai da Ummukulthum, da Baba Mode da jama'arsa. Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi. Ku sani ba ku kaɗai kuke zaman makoki ba, akwai gida a Sakkwato da aka shimfiɗa tabarmi dominta. Mu kuma da muka rage, Allah ya kyautata namu ƙarshen, amin.

Safiya Abdulrazak
Arkilla, Sakkwato