Baba, Ba Mu Iso Ba Tukuna

Shekarun baya, lokacin muna zaune a unguwar Thamesmead da ke London, duk ranar Asabar ni ce 'yar rakiyar mahaifina zuwa kasuwar Woolwich. Ba don ina so ba. Mahaifiyata aikin jinya take yi, Asabar ranar hutunta ce, shi kuwa in aka bar shi ya tafi shi kaɗai sai ya dawo da kifi kala uku ya manta da albasa.

Mahaifina mutumin Philippines ne. Koyar da lissafi ya kai shi wata sakandare a Zariya, can ya haɗu da mahaifiyata, can aka haife ni, sai da na kai shekara goma sha biyu muka taho London. Hausa kam ya iya, har ciniki yake yi da ita ya yi riba. Abu ɗaya ne ya gagare shi: raba mace da namiji. A harshensu babu wannan rabe-raben, don haka kowa "kai" ne a wurinsa. Mahaifiyata ta yi gyara har ta gaji. Takan ce, "Shekara nawa ina gidanka, har yanzu ban zama ke ba?" Sai ya ce, "Kai, yi haƙuri."

So ya yi in riƙa ce masa Tatay, yadda ake kiran uba a garinsu, amma dangin mahaifiyata suka riga shi, na buɗe baki da Baba. Ashe a harshensu kalmar baba tana nufin sauka, irin saukar da ake yi daga mota. Shi ke nan fa ya samu abin tsokana. Duk sanda na ce "Baba" a cikin bas, sai ya leƙa taga kamar da gaske, ya girgiza kai ya ce, "Ba mu iso ba tukuna." Ina ƙarama dariya nake yi har da ƙwalla. Da na fara zama 'yammata sai abin ya fara cika min ciki.

Wata Asabar muna dawowa daga kasuwa, ina shekara goma sha biyar, sai ga 'yan ajinmu su uku a kujerar baya. Mahaifina yana zaune da buhun shinkafa tsakanin ƙafafunsa yana rera waƙa ƙasa-ƙasa, kuma wallahi ba shi da murya. Na ji suna ƙyalƙyala dariya. Wataƙila ma ba da mu suke ba, amma a shekarun nan gani kake duniya duk kai take kallo. Na matse baki na ce, "Baba!"

Mutumin nan sai ya danna ƙararrawa, ya sungumi shinkafarsa ya sauka. Saura tasha uku mu isa gida, ga ruwa ana tsugawa. Dole na bi shi. Ya tsaya a bakin titi yana dariya har yana riƙe ciki.

"Kai ka ce in sauka!"

Ni kuwa na cika na yi fam. Na ce masa da Turanci wannan ba abin dariya ba ne, kuma daga yau Dad zan riƙa ce masa kamar kowa. Na cika alkawarina, don taurin kai gado na yi. Bai taɓa yin ƙorafi ba. Ya ci gaba da amsa Dad, wasan dai ya mutu, kuma ni na kashe shi.

Bayan na yi aure na haihu, ciwon mantuwa ya kama shi. Turancinsa ne ya fara zubewa, sannan Hausar, ya koma harshen garinsu kaɗai, wanda ban san komai a ciki ba sai sunayen abinci. Idan na shigo sai ya gyara zama cikin ladabi ya ce, "Ma'am," yana zaton ma'aikaciyar ƙaramar hukuma ce ta zo duba shi. Wata bakwai muna haka. Ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba: kada ya tafi bai sake gane ni ba ko sau ɗaya.

Wata safiya mahaifiyata ta kira ni. "An yi cancel ɗin motar asibiti, ni kuma gwiwar nan ta hana ni sakat. Ki zo ki kai ubanki a bas."

Muka zauna, shi a jikin taga, ya haɗa hannuwa a cinya kamar baƙo. Hularsa ta zame tana shirin faɗuwa. Na ce, "Dad." Bai juyo ba. Na sake, bai ɗago ba. Ban yi niyya ba, bakina ne kawai ya koma gida, na ji na ce, "Baba."

Ya ɗago kai a hankali. Ya leƙa waje, ya daɗe yana kallon dogayen gidajen simintin nan na unguwarmu. Sannan ya girgiza kai, ya ce da Hausa tsaf, "Ba mu iso ba tukuna."

Ya juyo ya dube ni da wutsiyar ido. "Kai kullum gaggawa."

Ni da na taɓa jin kunyar waƙarsa a gaban yara uku, ranar na ɓarke da kuka a gaban bas guda cike da mutane, kuma ko a jikina. Duk tashar da muka tsaya sai na ce Baba. Ya amsa min sau biyu, daga nan ya gaji ya koma kallon taga.

Da na ba likita labari, ya ce mai yiwuwa sabo ne kawai, harshe yakan riƙe abin da ya saba faɗa. Na kawo wa mahaifiyata maganar. Ta yi tsaki ta ce, "Likitan nan ya san ubanki ne? Ni ma shekara arba'in kai yake ce min. Amma gaggawar nan, ke kaɗai yake wa gori da ita."

Bai ƙara wata biyar ba ya rasu. Ina gefen gadonsa da yamma, na kira shi Baba, na sake kira. Mahaifiyata ta dafa kafaɗata ta ce, "Bar shi haka. Ya iso."

Ina yawan tuna shekarun da na hana shi sunan nan saboda wasu yara uku da yanzu ko fuskarsu ban iya tunawa ba. Abin yana ci min rai, amma ya fi sa ni murmushi, don na gane ajiye wasan ya yi yana jirana, a wurin da ko ciwon bai kai ba. Har gobe in na ji wani yaro ya ce Baba a cikin bas, kafin in ankara na riga na leƙa taga.